Gwafar Kaura Tambai

Waɗanda suka riƙe mana labarin mutanen da sun ce, a zamanin Sarki Ranau na Birnin Zangwai, fatake suka kawo wani wasa daga gabas, ana ce da shi shaɗaranji. Allo ne mai gida sittin da huɗu, da 'ya'yan wasa sassaƙaƙƙu: sarki da waziri, giwaye, dawaki, da dakaru a sahun gaba. Sarki ya ƙwallafa rai a kan wasan nan, har ya zama bayan la'asar ba a kawo masa ƙara sai ya tashi daga kan allo.

To amma fadawa ba su bar wasan yadda ya zo ba. Suka ce ai rashin kunya ne talaka ya kai wa sarkin allo hari alhali mai shi yana zaune, wai yin haka fatan sharri ne. Aka kafa doka, kowa ya ci dakaru, ya ci giwa in ya iya, amma kada ya kuskura ya matsa wa sarkin Sarki. Shekara ashirin Ranau yana wasa ba a taɓa ce masa kauce ba, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka gwaninta ce. Da ma an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Mutum ɗaya ne ya taɓa karya dokar, Kaura Tambai, shugaban mayaƙan Zangwai, mutumin da bai iya lanƙwasa harshe ba. Wata rana ya tsallaka da dokinsa ya dire a wani gida inda yake duban sarkin allo da giwa a lokaci guda, ya ce, "Zaki, ka kauce, giwa tawa ce. Wannan ita nake kira gwafa." Sarki bai ma gane abin da aka yi masa ba. Galadima Barau ne ya gane cewa dama ta samu, don ya daɗe yana jin haushin Tambai. Ya miƙe yana salati, ya ce Kaura ya yi wa Sarki fatan mutuwa a bainar jama'a. Kafin magariba an tuɓe wa Tambai rawani, an raka shi bakin iyaka. Ya wuce Dumbul, ƙasar abokan gaba, can kuwa aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Shekara bakwai bayan haka, a ƙarshen bazara, manoma sun gama sharar gona suna ta duban gabas, sai ga manzo ya faɗo fada da hantsi, dokinsa na kumfa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, Tambai ya hau Dutsen Shaho da dawakin Dumbul ɗari shida. Bai kai hari ko'ina ba. Ya kafa sansani yana zaune kawai."

Shi Dutsen Shaho yana tsakanin wurare biyu ne. Daga kansa zuwa Birnin Zangwai tafiyar rabin yini ce, daga kansa zuwa Rumbuna ma rabin yini. Amma daga birni zuwa Rumbuna yini guda ne cur, saboda fadama ta sa hanya ta yi kwana, kuma duk wanda ya bi hanyar, na kan dutse yana ganinsa tar. Rumbuna kuwa ƙaramin gari ne, ba ganuwa sai shingen ƙaya, amma a can ake ajiye irin shuka na ƙasar baki ɗaya, ba a buɗewa sai ruwan farko ya sauka. Bara damina ba ta yi kyau ba, ba mai ko tiya guda ta iri a ɗakinsa. In Rumbuna ta ƙone, Zangwai ba ta shuka bana.

Wanda aka damƙa wa amanar Rumbuna shi ne Madawaki Nomau, da mayaƙa ɗari biyar, su ne ƙarfin ƙasar. Ya baro su a hannun mataimakinsa Barde Anaruwa, ya sukwano birni don majalisa. Da ya iso ya tarar fada ta cika, kowa fuska a murtuke, saboda da safiyar nan an tsinci shamuwa matacciya a kan soron Sarki.

Galadima Barau ya fara magana. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, magajin Wari, bangon duniya. Tsuntsuwar nan a kan soronka ta faɗi, ba a kan rumbu ba. Alama ba ta wuce haka fitowa fili. Tambai kai yake nema, tun ran da ya yi maka fata a kan allo. Ga ganuwarmu ta gabas da giɓi wanda dawaki goma za su shiga a jere. Shawarata a buga tambari, Madawaki ya kwaso mutanensa su tsaya a giɓin nan. In kai ya tsira, jiki ya tsira."

Madawaki Nomau ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, giɓin da Galadima ke faɗa, shi aka ba aikin toshe shi tun kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan maganar wata rana ce. Ita shamuwa kowa ya san tsuntsuwar damina ce. In mutuwarta na nufin wani abu, shuka take nufi. Zaki, in na baro Rumbuna, kafin in kai rabin hanya Tambai ya sauko ya cinna mata wuta."

"In kuma ka zauna can?" in ji Sarki.

"Ya sauko ya shigo ta giɓi."

Sarki ya yi tsaki. Ya ce, "Madawaki, kana mini magana kamar Tambai mutum biyu ne. Runduna ɗaya gare shi, wuri ɗaya za ta faɗa. Ka gaya mini inda za ta faɗa mu tare ta."

Nomau ya san abin da ke bakinsa na iya yanka wuyansa. Shi da Tambai tare aka yi musu kaciya, kuma a gidan Tambai ya koyi shaɗaranji na gaskiya, wanda ba a jin kunyar kowa. Ya ce, "In Zaki ya yarda a kawo allo, zan nuna abin da baki ya kasa."

Aka kawo. Nomau ya kwashe 'ya'yan duka ya bar uku. Ya ajiye sarki, ya tsallake gida ɗaya ya ajiye giwa, sannan ya ɗauki baƙin doki ya dire shi inda tsallensa ke kaiwa ga kowannensu. Fadawa suka ɗauki "Hattara! Hattara!" Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Nomau ya ce, "Wannan kai ne, giwa Rumbuna ce, doki Tambai ne. Gaskiyarka, gida ɗaya zai faɗa. Amma ba zai motsa ba sai ka motsa. Kai za ka zaɓar masa. Taɓa, ranka ya daɗe."

Sarki ya janye sarkinsa nesa. Nomau ya tsallaka da doki ya ɗauke giwa. Aka mai da su yadda suke. Sarki ya ɓata rai, wannan karon ya janye giwa. Nomau ya ɗaga doki, hannunsa ya tsaya a sama daidai kan sarkin allo, bai sauke ba.

"Akwai mafita guda," in ji Nomau. Ya tura sarkin allo gida ɗaya, ya manna shi da giwa. "In ka matso kusa da ita, doki ya ci ta, kai kuma ka ci shi, don haka ba zai taɓa ta ba. Zaki, ka taso da jama'ar birni ka zo Rumbuna kwana uku. Abin da yake hari biyu ya koma wuri guda, ni da mutanena muna gabansa. In ya ga dama ya shigo birni ya ƙona jinka. Ana sake jinka, ana sake gini, amma ba a sake iri in damina ta wuce."

Wai, ina wuta Galadima ya jefa shi! Ya miƙe har rawaninsa na kwancewa, ya ce, "Jama'a kun ji? Sarkin Zangwai ya bar gadon kakanninsa ya je ya ɓuya a bayan rumbu kamar ɓera! Wa ya taɓa jin haka? Zaki, dubi hannun da ya ɗaga doki a kanka. Hannun Tambai ne, rigar ce kawai ta Madawaki. Abokin kaciyarsa na kan dutse, shi kuma yana nan yana share masa birni."

Nomau ya ce, "Galadima, ni na yi yaƙi goma sha ɗaya saboda gidan nan. Kai kuwa tabon da ke jikinka na ƙaho ne, wanzami ya yi maka."

Wasu suka ƙunshe dariya, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Sarki Ranau ba wawa ba ne, ya ga abin da aka nuna masa sarai. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce shekara ashirin ana yi masa wasan yara, kuma yau kowa ya ga haka. Ya sa bayan hannu ya watsar da allon, ya ce, "Ba a haifi wanda zai tashe ni daga Zangwai ba. A buga tambari. Madawaki, ka san al'ada. Gobe kafin rana ta faɗi ina son ganinka a ƙofar fada, kai da mutanenka."

Al'adar kuwa kowa ya san ta. In aka buga tambari don Sarki na cikin haɗari, duk mai sarautar da rana ta faɗi kashegari bai tsaya a ƙofar fada da jama'arsa ba, kansa na Hauni ne, mai sare kai. Ba a karɓar uzuri, ko na ciwo. A kan wannan al'ada sarautar Zangwai ta tsayu tun kaka da kakanni.

Nomau ya canza doki ya kama hanya, ya isa Rumbuna da sassafe. Ya kira Barde Anaruwa ya gaya masa yadda aka yi. Barde ya riƙe baki ya ce, "Gaba kura, baya siyaki. Ranka ya daɗe, me za mu yi?"

Nomau ya ce, "Tambai ba ya ganin zuciyata daga kan dutse, hanya yake gani. Me zai gani a hanya ya sauko?"

"Dawaki da tuta."

"To mu ba shi dawaki da tuta. Rumbu nawa ne babu komai a ciki?"

Barde ya ce ai ƙarshen bazara ne, an cinye na ci, kashi biyu cikin uku wayam suke, na iri kaɗai ke cike. Sai kuma ya tsaya, ya dubi ubangidansa, ya ce, "Amma in dawaki suka tafi ba kai, rana za ta faɗi ba ka ƙofar fada."

"Na sani, Barde. Tara mini manoma."

Kafin hantsi ya ɗaga an sa wa manoman Rumbuna ɗari biyar lifidi da kwalkwali, an ɗora su a kan dawakin yaƙi. Wasu ba su taɓa hawan abin da ya fi jaki ba, sai da aka ɗaure musu ƙafa a likkafa. Aka ba wani dattijo mai faɗin kafaɗa alkyabbar Madawaki da tutarsa, suka fita ta hanyar birni ana busa ƙaho. Mata da yara aka kai su cikin fadama. Mayaƙa kuwa suka shige rumbunan da ba kowa, uku uku, huɗu huɗu, da baka da takobi, aka mai da murfin jinka. Zafi a ciki ba a magana, ga ƙaiƙayi, ga gumi na shiga ido, amma ba wanda ya yi motsi.

Tambai ya ga tuta ta wuce kwanar fadama, ya yi dariya ya ce, "Ranau ya zaɓa." Da azahar ya iso Rumbuna, ya tarar da ƙofar shinge a buɗe, kaji kawai ke yawo. Tsakanin rumbu da rumbu lungu ne wanda doki biyu ba sa jerawa, don haka mutanensa suka rarrabu, da yawa suka sauka suna hura bakin wuta. Sai da suka shige tsakiya sosai, sannan Nomau ya ture murfin rumbunsa ya yi kururuwa.

Kai, ranar Dumbul ta ga abin da ba ta taɓa gani ba! Kowane rumbu ya buɗe baki yana aman kibiya. Dawaki suka firgice suna tattake masu su, na gaba na son komowa, na baya na turowa. Barde da mutum hamsin suka ja ƙaya suka toshe ƙofa. Rumbun iri huɗu suka kama wuta, mayaƙa suka tuɓe riguna suka kashe uku, ɗaya ya ƙone ƙurmus. Kafin la'asar sakaliya an gama. Tambai ya yi faɗa har takobinsa ya karye, mashi ya huda masa cinya, aka danne shi aka ɗaure. Da aka kawo shi gaban Nomau ya dube shi ya ce, "Ni na koya maka."

"Kai ka koya mini," in ji Nomau. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta riga ta yi ja.

A can birni kuwa, dab da faɗuwar rana aka ga tutar Madawaki ta shigo, Sarki ya fito ƙofar fada yana murmushi. Mai alkyabba ya zo sauka ya rikito ƙasa tim, kwalkwali ya gangara, sai ga furfurar wani tsoho manomi yana ta "Tuba nake, Zaki, sa ni aka yi." Galadima ya yi ta tafa hannu yana cewa, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?" Sarki ya tsaya har rana ta ɓace, ya juya ya shige.

Kashegari da azahar Nomau ya iso da mayaƙansa a kan dawakin Dumbul, Tambai na ɗaure a tsakiya. Barde ya roƙe shi a hanya har da hawaye kada ya shiga, Nomau ya ce shi ba ɗan tawaye ba ne, ba zai fara da tsufansa ba. Labari ya riga su isowa, birni duka ya fito, mata na guɗa. Sarki na zaune a ƙofar fada, Galadima a damansa, Hauni a tsaye da takobi. Nomau ya sauka ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, iri ya tsira sai rumbu ɗaya. Ga Tambai, ga dawakinsa, ga ni."

Galadima ya ce, "Ga ka yau. Jiya fa? Zaki, da Tambai birni ya nufo, da tsofaffin manoma ne za su tare maka giɓi. Ya yi caca da ranka, sa'a ce kawai ta sa ya ci. In ka bar shi, gobe kowane mai rawani zai ji tambari ya tsaya ya auna ko ya ga dama."

Abin haushin shi ne, wannan karon akwai gaskiya a bakin munafukin. Sarki ya san haka, jama'a ma sun sani. Sai Tambai ya bushe da dariya daga inda yake ɗaure, ya ce, "Ranau, in ka sare shi ka sare hannunka na dama, abin da na zo yi ke nan na kasa. In ka bar shi ka karya al'adar da kake zaune a kai. Yau ba bafaden da zai iya ɗauke maka. Zaɓi."

Sarki ya daɗe yana duban Nomau. Wallahi da ya ce masa tashi, da ba a taɓa yin sarki kamarsa a Zangwai ba. Amma mutumin da bai taɓa rasa ko ɗan itace a kan allo da rashin sonsa ba, ina zai iya sakin abin da ya gada? Ya kau da kai ya ce, "Al'ada ta riga ni zuwa duniya. Hauni, yi aikinka."

Guɗa ta ɗauke. Nomau ya kwance rawaninsa da kansa ya naɗe shi, ya miƙa wa Barde. Ya ce, "In ruwa ya sauka, ku fara ba mutanen tudu, ƙasarsu ba ta riƙe laima. Kada ku jira izinin kowa." Ya durƙusa ya fuskanci gabas. Hauni ya runtse ido, ya sauke takobi.

Galadima ya gyara murya ya nuna Tambai ya ce, "Saura wancan." Barde Anaruwa ya zare wuƙa ya nufi Tambai, kowa ya ɗauka shi zai gama da shi. Ya tsaya a kansa ya ce, "Jiya ka kashe mini mutum arba'in, ban yafe ba. Amma kai ka zo mana ta gaba, kuma ka taɓa jan mu yaƙi ba ka bar gawarmu a daji ba." Ya yanke igiyar. Mutum biyu suka ɗaga Tambai suka ɗora shi a kan dokin Madawaki, wasu huɗu suka naɗe gawar Nomau a alkyabba suka ɗauka. Dogarai ashirin ne a ƙofar fada, suka dubi mayaƙa ɗari huɗu da sittin da jini bai bushe a makamansu ba, kowa ya sunkuyar da kai.

Barde ya hau, bai yi gaisuwa ba, ya juya linzami. Mayaƙa suka bi shi sahu sahu. Manoman da aka sa wa lifidi jiya suka kwanto dawakin Zangwai suka bi baya, sannan mutanen birni suka fara shiga gidaje suna fitowa da tabarmi da tukwane a ka.

Sarki Ranau ya miƙe tsaye, ya ce, "Galadima, ina za su?"

Hauni ne ya amsa, yana goge takobinsa da gefen riga.

"Rumbuna, ranka ya daɗe. Can hatsi yake."